Murphy na wane ƙauye? Bin salsalar dangi a Ayilan

Rabi: Jama'a, barkanmu da warhaka. Malam Bala, mutum ne a Amurka, sunan gidansu Murphy, yana son gano inda kakanninsa suka fito a Ayilan. Ta ina zai fara?

Bala: Hajiya, ya ajiye sunan tukuna. Murphy shi ne sunan da ya fi yawa a ƙasar, kuma na gundumar Wexford daban, na gundumar Cork daban, ba jini ɗaya ba ne. Abin nema shi ne ƙauyen. Ƙasar a yanke take zuwa ƙananan yankuna sama da 60,000, kuma sai da sunan yankin takardu suke buɗuwa.

Rabi: To a ina zai samo shi?

Bala: Can inda kakan ya sauka: takardar mutuwa, ta zama ɗan ƙasa, sanarwar rasuwa a jarida, har rubutun kan kabari. Yawancin waɗanda suka gudu lokacin yunwar 1845 zuwa 1852, takardar jirgi ba ta faɗi ƙauyensu ba.

Sani: Kuma a daina cewa komai ya ƙone. Gaskiya ne a 1922 wuta ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin, ta tafi da kusan duk takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata. Amma ta 1901 da 1911 suna nan kyauta a intanet. Rajistar haihuwa da mutuwa ta fara a 1864, ita ma ba ta ƙone ba.

Rabi: Wanda aka haifa kafin 1864 fa, Malam Sani?

Sani: Sai littattafan cocin Katolika, ɗakin karatu na ƙasa ya sa hotunansu a intanet a 2015. Nan ake wahala. Limamai da yawa da Latin suka rubuta, James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus. A haɗa da kundin ƙiyasin haraji na Griffith, 1847 zuwa 1864, wanda ya jera masu gida yanki-yanki.

Bala: Rubutun sunan ma ba ya zama wuri ɗaya. O a farkon suna na nufin jika, Mac na nufin ɗa, amma gidaje da dama sun yar da su a zamanin mulkin Ingila, wasu suka dawo da su daga baya. A nemi Brien, a nemi O'Brien. Wani Smith na gundumar Cavan ma asalinsa Mac Gabhann ne.

Rabi: Shekarun mutum da ke cikin takardu fa, a yarda da su?

Sani: Ina! Dokar 1908 ta kawo fansho ga mai shekara 70, wasu suka ƙara wa kansu shekaru, sai ga mutum ya tsufa da shekara 15 tsakanin ƙidayar 1901 da ta 1911. A ba da tazarar shekara biyar gaba da baya, a kuma duba sunayen 'ya'ya: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa.

Rabi: Gwajin ƙwayar halitta?

Bala: Na layin maza yana nuna ko Murphy biyu kakansu ɗaya. Sunan kakan kam, sai takarda.