Wai mace ce ke mulkin Vatican yanzu? Ga inda aka rikice

To jama'a, hoton nan ne dai da ya cika WhatsApp da Facebook, wata sista tsaye kusa da Fafaroma an rubuta a ƙasa wai mace ta karɓi mulkin Vatican, wasu na ta murna wasu na cewa duniya ta zo ƙarshe, har na ga wani ya rubuta saura kaɗan a yi Fafaroma mace. Malam sassauta.

Mu fara da sistar da ke cikin hoton. Sunanta Sista Raffaella Petrini, 'yar Italiya ce, kuma gaskiya ne ranar 1 ga Maris 2025 ta hau kujerar shugabar hukumar da ke gudanar da birnin Vatican, kujerar da a da kadinal ne, wato ɗaya daga cikin manyan limaman coci masu zaɓen Fafaroma, ke zama a kanta. Fafaroma Francis ne ya ba ta. Birnin dai ɗan mitsitsi ne, hekta 44 kacal, amma akwai 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da gidan waya da kantin magani da lambuna da wannan katafaren gidan tarihin da kuke ganin layin 'yan yawon buɗe ido a ƙofarsa, duk ƙarƙashin ofishinta suke. Shi kansa gidan tarihin ma mace ce darakta tun 2017, Barbara Jatta, ita ko sista ba ce, matar aure ce da 'ya'yanta.

To a nan ne ake tafka kuskuren, don haka ku ɗan ba ni aron hankalinku. A cocin Katolika riƙe ofis daban, naɗin limanci daban. Ofis shi ne sa hannu a takarda, kasafin kuɗi, ɗaukar ma'aikata, kiran mitin, wa za a tura ina. Shi kuwa naɗi, bishop ne ke ɗora wa mutum hannu a ka ya zama fada, daga nan ne zai iya jagorantar Mass, wato babbar ibadar cocin, ya saurari masu furta zunubansu, wata rana ma ya zama bishop. Wannan na biyun maza kawai ake yi wa, Fafaroma John Paul na biyu ya rubuta a 1994 cewa coci ba ta da hurumin naɗa mace fada, kuma har yau maganar ba ta motsa ba. Kamar dai masallacin unguwa ne, wanda ke riƙe da kuɗi da makullai da biyan kuɗin wuta ba lallai shi ne mai jan salla ba, ko da kuwa liman sai ya bi ta wajensa kafin a gyara lasifika.

Abin da Francis ya taɓa shi ne ɓangaren ofis. A 2022 ya fitar da sabon tsarin mulkin fadar Fafaroma, ya ce duk ɗan Katolika da aka yi wa baftisma, namiji ko mace, zai iya shugabantar ma'aikata. Shi ya sa ranar 6 ga Janairu 2025 wata sistar, Simona Brambilla, ta zama mace ta farko da ta shugabanci ma'aikata a fadar, wadda ke kula da sistoci da sauran masu rayuwar keɓe kai na duk duniya. Nas ce ta asali, ta yi aikin mishan a Mozambik. Amma ku lura da mutumin da ke gefenta, Kadinal Ángel Fernández Artime, tare aka naɗa su, shi a matsayin na biyunta, kuma masu sharhi da yawa sun ce saboda akwai abubuwan da dokar coci ta ɗaura wa mai naɗi. Ni dai a ganina an ba ta kujera an kuma ajiye mata mai gadi, amma ra'ayina ne, kar a zo a cinye ni.

Kuma hujja mafi sauƙi ita ce Mayun 2025. Kadinal-kadinal 133 suka shiga aka kulle ƙofa suka zaɓi Fafaroma Leo na 14, babu mace ko ɗaya mai ƙuri'a, har da ita mai riƙe da birnin. Matan da suka fi kusa da zaɓen su ne sistocin masaukin Santa Marta masu dafa musu abinci da gyara ɗakuna, su ma sai da suka yi rantsuwar ba za su buɗe baki ba.

Sauran matan da ke yi wa Vatican aiki kuwa kyamara ba ta cika zuwa kansu ba. In ka buga lambar Vatican sista ce ke ɗagawa, lokacin da Francis ke kwance a asibiti su suka sha kiran masu tambayar ya jiki. Akwai masu zama da allura da zare suna gyaran tsofaffin dardumomin bango na gidan tarihi, zare ɗaya bayan ɗaya. Can cikin birnin Rum kuma akwai sistocin Santa Cecilia, ana sa wa 'yan raguna albarka ranar 21 ga Janairu, su kuma su saƙa ulun ya zama wannan farin ɗamarar da manyan bishop ke rataya wa a kafaɗa. Sauran akawu ne, 'yan jarida, masu fassara, likitoci, da safe su shigo da yamma su kama motar gida. Alƙaluman kafar labaran Vatican sun ce mata ma'aikata 846 ne a 2013, zuwa 2023 sun kai 1,165, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duka ma'aikatan ke nan.

Sai kuma abin da ba a son faɗa. A Maris 2018 mujallar mata ta jaridar Vatican ɗin kanta ta buga koken sistocin da ke aiki a gidajen kadinal da bishop, girki, wanki, guga, tun asuba har dare, wasu ba tsayayyen albashi ba takardar kwantiragi, su jera abinci a tebur su koma kicin su ci nasu.