Yadda ake gasa kabewa ta yi daɗi, ba sukari ba kirim

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka.

Ga yanka biyu a kan faranti, kuma daga jikin kabewa guda aka ciro su. Na hagun nan a ruwa aka dafa shi, minti 20. Na daman kuwa ɗan mai aka shafa masa aka gasa. Gani ya kori ji. Na ruwan ya koɗe, ya jiƙe sharkaf, in ka kai baki salam kamar ba ka ci komai ba. Na gashin ya yi ja a gefe, ya ɗan tsuke, ƙamshinsa ma kaɗai ya isa ya kira mutum daga ɗaki.

Yawancin masu cewa ba sa son kabewa, na hagun nan aka saba ba su. Mai girki kuma da ta ji babu ɗanɗano sai ta shiga ciko: ta zuba sukari, ta zuba kirim, ta ƙara bota. Kafin ka ankara, abincin da aka ɗora don lafiya ya koma kayan zaƙi.

Dalilin ba shi da nisa. Kabewa ruwa ce tun asali. A irin mai dogon wuyan nan da ake kira batanot, kusan kashi 86 cikin 100 na nauyinta ruwa ne, a manyan zagayayyun kuwa ya haura kashi 90. Ɗan zaƙin da ke cikinta a tsarme yake. In kika jefa ta a tukunyar ruwa kin ƙara tsarma shi, sannan bitamin C da sinadarin fotasiyam su bi ruwan, ke kuma ki tsiyaye ki zubar. A cikin obin akasin haka ke faruwa. Ruwan jikinta ya fita ya bar zaƙin a dunƙule. Da zafin saman yankan ya kai wajen digiri 140, sai sukarin da ke jikinta ya fara haɗuwa da ɗan furotin ɗinta, launi ya juya, garɗi ya fito. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayanin wannan haɗuwa a 1912, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Ruwa kuwa komai tafasarsa ba ya wuce digiri 100, don haka dafaffiyar kabewa ba za ta taɓa yin wannan ja ba ko za ta kwana a wuta.

Kafin mu kunna wuta, mu tsaya wurin zaɓe. Kabewar kaka ita ce wadda aka bari ta ƙosa a jikin yaɗo har ɓawonta ya yi tauri. Ki ɗaga ta ki ji: ta fi girmanta nauyi? To madalla. Ki danna ɓawon da farce, kada ya shiga. Ɓawon da ya dushe ya fi mai sheƙi, don sheƙi sau da yawa alama ce an yi gaggawar cire ta. Guntun karan da ke kanta ya zama busasshe, kuma yana nan bai fita ba, saboda ta wannan gurbin ruɓa ke shiga.

Wani abin mamaki game da ita, kabewar da aka ciro yau ba ta kai wadda ta yi makonni a ajiye zaƙi ba. A hankali sitacin cikinta ke komawa sukari. Manoma kan bar ta kwana 10 zuwa 14 a wuri mai ɗumi da iska don ɓawon ya ƙara tauri, ƙananan ƙwarzane su warke, sannan a mayar da ita wuri mai sanyi-sanyi marar danshi, digiri 10 zuwa 13. A haka batanot kan yi wata biyu zuwa uku lafiya lau. Wadda ba a yanka ba, ba ruwanta da firij.

Yanzu wuƙa. Nan ne mutane ke jin ciwo, don haka a natsu. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin katakon yanka don kada ya zame. Ki datse kai da gindi, ta zauna daram, sannan ki raba ta biyu daga sama zuwa ƙasa. In ɓawon ya gagara, ki soke shi da cokali mai yatsu a wurare da yawa, ki sa ta a makirowef minti 2 ko 3, zai saki. Ki kwashe harzar ciki da cokali, amma ’ya’yan ki ajiye su gefe, za mu dawo kansu. Ba kowace iri ce ke buƙatar fira ba. Kaboca, wato koren nan da Japanawa suka shahara da ita, ɓawonta na laushi a wuta kuma ana ci.

Sai abu guda da nake so ya zama muku al'ada: kafin ki dafa, ki ɗan lasa ɗanyen yanka a harshe. In kika ji ɗaci mai tsanani, ki tofar, ki zubar da kabewar gaba ɗaya. Dangin kabewa na daji suna da wani sinadari mai ɗaci, kukubitasin, da suke kare kansu da shi daga dabbobi. An rage shi a irin da ake nomawa, amma yakan dawo in shukar ta yi barbara da kabewar ado, wadda ake shukawa don kwalliya kawai, ko ta daji, ko in ta sha matsanancin zafi da fari. Wuta ba ta kashe shi, gishiri da yaji ba sa gyara shi. Yana jawo amai da gudawa da murɗar ciki, kuma a 2015 a Jamus wani dattijo mai shekara 79 ya rasu bayan ya ci girkin wani koren nau'in kabewa mai ɗaci da aka noma a lambun gida. Abin ba ya yawan faruwa, lasawar kuma daƙiƙa ɗaya ce.

To, gashi. Obin ya yi zafi tukuna, digiri 200 zuwa 220. Ki yanka kabewar gutsi-gutsi kamar girman babban yatsa, kuma su zo kusan ɗaya, in ba haka ba ƙananan su ƙone manyan suna ɗanye. Kilo guda na kabewa, man zaitun ko wani man girki cokali 2 babba, gishiri rabin ƙaramin cokali, masoro kaɗan. Ki cakuɗa da hannu har kowane yanka ya samu mai.

Ku kalli yadda nake baza su a tire. Kowane yanka da sarari tsakaninsa da ɗan'uwansa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a cika tire dam, tururin da ke fita ya rasa hanya, kabewar ta turaru maimakon ta gasu, an gudu ba a tsira ba. In ta yi yawa, tire biyu. Minti 30 zuwa 40, a juya sau ɗaya bayan minti 20. Kada ki cire ta don kawai ta yi laushi. Ki jira gefen ya yi ja sosai, kamar zai ƙone bai ƙone ba.

Wanda ba shi da obin, kasko mai kauri da murfi ya wadatar. Ɗan mai, a jera yankan a bar su ba motsawa har ƙasansu ya yi ja, a juya, a yayyafa ruwa cokali biyu ko uku, a rufe su ƙarasa da tururi.

Na san akwai mai cewa, tunda lafiya ake nema me zai hana a bar man gaba ɗaya? Ni dai ban goyi bayan haka ba. Launin ruwan lemun nan na kabewa daga sinadarin beta-karotin yake, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon gani da fata da garkuwar jiki. Giram 100 na ɗanyar batanot na ɗauke da abin da ya kai maikirogiram 530 na bitamin A, alhali buƙatar babba a yini, bisa ma'aunin Amurka, 700 ce ga mace, 900 ga namiji. Sai dai beta-karotin a mai yake narkewa. In babu ɗigon maiƙo a abincin, kaɗan hanji zai tsotsa, sauran ya wuce. Cokali biyun nan suna da aiki.

Inda lissafi ke ɓaci shi ne kirim. Kilo guda cur na batanot kalori 450 ne ko kusa da haka. Kofi ɗaya na kirim mai kauri kuwa ya kai 800. Ke nan abin da aka zuba don gyara ya kusa ninka kabewar kanta.

Ga miyar sha da ba ta buƙatar kirim. Ki soya albasa babba guda a ɗan mai a wuta kaɗan har ta yi laushi ta fara zaƙi, kamar minti 10, kada ki yi mata gaggawa. Ki zuba tafarnuwa da ɗanyar citta, minti ɗaya. Sai gasasshiyar kabewarki, da romon kaza ko na kayan lambu daidai yadda zai rufe ta. Ya tafasa minti 10, ki markaɗa. In a bilenda ne, ki bari ta ɗan huce, kada ki cika ya wuce rabi, ki kuma danne murfin da tsumma, don tururi na iya cillo shi. Ku dubi yadda take zuba daga ludayi, sumul, da kauri. Sitacin kabewar ne ya yi wannan aikin. In kina son ta ƙara jiki, ki markaɗa dafaffen farin wake kofi guda a ciki, babu mai ganewa.

Yanzu ki ɗanɗana. Akwai zaƙi, akwai gishiri, amma kamar wani abu ya rage ko? Hannu zai so ya koma kan gishiri. Ki dakata, ki matsa rabin lemun tsami. Kabewa ba ta da tsami ko kaɗan, zaƙi kuma in babu abin da ya tare shi yana gundura tun cokali na biyar. Lemun tsami, ruwan kal, ko cokalin yogot marar sukari a sama, duk suna farkar da ita. Barkono ma haka. Wannan dabarar tana rage gishirin da za a ci, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali guda.

Miya ita kaɗai ba ta riƙe ciki, don furotin ɗin kabewa giram 1 ne kacal a giram 100. Waɗanda suka fara noma ta sun daɗe da samo mafita. A wani kogo a jihar Oaxaca ta Meziko an tono ’ya’yan kabewar gida da suka kai shekara 10,000, wato ta riga masara shiga gona. Daga baya ’yan asalin nahiyar Amurka suka riƙa shuka ta tare da masara da wake a gona guda: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe danshi ya danne ciyawa. Yadda suka dace a gona haka suka dace a kwano. Ki haɗa gasasshiyar kabewa da dafaffen wake da tsabar masara, ki yanka albasa da ganye, ki kaɗa mai da lemun tsami da ɗan barkono ki zuba tun kabewar na da ɗumi, don a lokacin ta fi shan haɗin. Ko kuma ki gasa rabin kabewa a kife, minti 40 zuwa 50, ki juyo ta, ki cika ramin da wannan haɗin, ki mayar minti 10. Abincin dare ya samu, ba a nemi shinkafa ba.

Masu ciwon sukari su lura da awo: batanot na da kimanin giram 10 na sitaci da sukari a giram 100. Bai kai rabin na dafaffiyar farar shinkafa ba, amma ba latas ba ce, a lissafa da ita. Mai ciwon ƙoda da likita ya taƙaita wa fotasiyam ya tambaya tukuna. In kuma tafin hannun yaro ya yi ɗorawa-ɗorawa saboda yawan cin kabewa alhali farin idonsa na nan fari, karotin ne ya taru a fata, yana washewa in an rage. In idon ma ya sauya launi, wannan maganar asibiti ce.

Mu koma kan ’ya’yan da muka ajiye. Ki wanke su a kwano, harzar za ta rabu, ki tsane su da tsumma sosai, don jiƙaƙƙu ba sa yin ƙaras-ƙaras. Ɗigon mai, ɗan gishiri, obin digiri 160, minti 15 zuwa 20, ana motsawa. Da kin ji sun fara fashewa ɗaya-ɗaya, sun yi. Ƙwayarsu na da furotin kusan giram 30 a giram 100, ga maganiziyam da zink da sinadarin ƙarfe. Amma kusan rabin nauyinta mai ne, kalori ya haura 550 a giram 100, don haka cikin tafin hannu guda ya isa. Ki barbaɗa a kan miyar, laushi ya samu abin tauna.

Girkin kabewar da ya rage kuma ya shiga firij kafin awa 2 da saukewa, a cinye cikin kwana 3 zuwa 4. In ya yi yawa, ki murƙushe gasasshiyar kabewar, ki raba ta kofi-kofi a leda ko roba mai murfi, ki rubuta kwanan wata, ki sa a firiza. Za ta yi wata 3 ba ta sauya ɗanɗano ba, kuma ranar da za ki yi miya, a daskarenta za ki jefa ta cikin romo.