Haƙƙin Ɗan Dako da Zaman Lafiyar Gari

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye da ɗalibai da kuka taru a nan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, abubuwa uku na zo da su yau: haƙƙi, zaman lafiya, da riƙon amana.

Na farko, haƙƙi. Da yawanmu idan aka ambaci haƙƙin ɗan Adam sai hankalinmu ya tafi ga sanarwar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a birnin Paris ranar 10 ga Disamba 1948, mai sassa 30. Takarda ce mai daraja, amma ni a kasuwar Sabon Gari na fi ganin ma'anarta. Na taɓa tsayawa ina kallon wani ɗan dako da ya sauke buhu goma na masara daga mota, zufa ta jiƙa masa riga har ta manne a gadon bayansa, sai mai kayan ya ce masa ya dawo gobe. Ya dawo gobe, jama'a! Alhali Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Yaron bai ce uffan ba, ya naɗe gammonsa ya tafi, amma wanda ya dubi idonsa ya san da ƙullin da ya tafi. Irin wannan ƙulli, idan ya taru a zukata dubu, shi ne itacen da wutar fitina take ci ranar da ta tashi. Shi ya sa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ce mulki yana iya ɗorewa da kafirci, amma ba ya ɗorewa da zalunci. Ina sake faɗa, a biya shi kafin guminsa ya bushe.

Kun ga na riga na shiga batu na biyu ban sanar ba. Amana kuwa, lokaci ya ƙure, sai wani zaman.

Na'am, malama, ina jin ki. Tana tambaya ne game da wanda aka tsare kwana da kwanaki ba a kai shi gaban alƙali ba. Malama, ki duba sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Idan akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya doka ta bayar, in babu, kwana biyu, kuma Zariya ba ta rasa kotu ba. Bayan an tashi ki same ni, akwai lauyoyi biyu a sahun gaba, zan haɗa ki da su.