Fulorin da niyon: ƙofa da ƙofa, hali ya sha bamban

Hadiza: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tambayar da ta cika mana akwatin saƙo tun makon jiya ita za mu taɓa yau. Me ya sa fulorin ke afka wa komai, niyon kuwa da ke jikinsa a jadawalin sinadarai ko oho?

Malam Kabiru: Wallahi abin ya daɗe yana burge ni. Fulorin lamba 9, niyon lamba 10, tazarar ke nan. Ilektiron su ne 'yan mitsitsin abubuwan da ke kewaye cibiyar ƙwayar sinadari, bawo-bawo. Fulorin na da ilektiron bakwai a bawonsa na waje, saura ɗaya tak ya cika takwas. Wannan ɗayan ne ya hana shi barci. Niyon kuwa takwas ɗinsa cif, ya ƙoshi, ba ya nema, ba ya bayarwa. Haka kulorin da agon, 17 da 18.

Usman: Wato yunwa ce kawai, Malam.

Malam Kabiru: Yunwa mai tsanani. Ku duba wahalar da aka sha kafin a ware fulorin shi kaɗai. Masana da dama sun shaƙi gubarsa sun jikkata, wasu har rai suka rasa, ga shi kusan duk mazubin da aka kawo sai ya cinye. Sai a 1886 Henri Moissan na Faransa ya yi nasara, kuma ya samu kyautar Nobel a 1906. Iskar da ko ruwa ta samu sai ta farfasa shi ta ƙwace haidurojin ɗinsa!

Hadiza: Amma Malam, aidin ma ai ɗan gidan su fulorin ne, ga shi ana shafa shi a rauni.

Malam Kabiru: Yauwa, ƙanwata, nan ne daɗin zancen. Duk 'yan gidan ilektiron bakwai suke da shi a bawon waje, amma girma ya bambanta. Ƙwayar fulorin 'yar mitsitsiya ce, cibiyarta na kusa da bakin ƙofa, tana fizgo ilektiron da ƙarfi. Kina gangarowa kulorin, buromin, aidin, bawo na ƙaruwa, cibiya na nisa, fizgar na sanyi. Shi ya sa in kika busa kulorin cikin ruwan da ke da gishirin buromin, nan take ruwan zai rine ya yi ruwan lemo. Kulorin ya kori buromin ya zauna a kujerarsa.

Usman: Ni dai agon ne nawa. Kun san ma'anar sunan da Girkanci? Malalaci!

Hadiza: Kai Yaya Usman, da gaske?

Usman: Da gaske. A 1894 Rayleigh da Ramsay suka gano shi a Ingila, suka yi ta tsokanarsa ya ƙi motsi, suka raɗa masa malalaci. Kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, shekara da shekaru babu wanda ya san da zamansa.

Hadiza: To ai wannan ba lalaci ba ne, kawaici ne.

Usman: Kawaici? Wanda aka kira shi ya ƙi amsawa?

Hadiza: Mai kawaici dai. Masu walda da shi suke lulluɓe ƙarfe mai zafi don kada iska ta ɓata ɗinkin. Malalaci zai yi gadi?

Usman: Gadin da a zaune ake yinsa, me zai hana?

Malam Kabiru: To ku bar agon ya huta, tunda abin da ya fi so ke nan. Akwai abin da nake so masu saurare su riƙe. An daɗe ana koyarwa a aji cewa iskokin gidan su niyon da agon ba sa haɗuwa da komai, har abada. Sai a 1962 Neil Bartlett, a Vancouver ta ƙasar Kanada, ya haɗa zinon, ɗan gidan su niyon, da wata jar iska ta filatinam da fulorin. Yana fasa shingen da ke tsakaninsu, sai ga daskararren abu ruwan ɗorawa ya manne a jikin gilashi. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta! Zinon babba ne, ilektiron ɗinsa na waje sun yi nisa da cibiya, riƙon ya yi sako-sako. Nisan da ya raunana aidin, shi ne ya buɗe ƙofar zinon. Har ma in aka rufe zinon da fulorin a busasshiyar kwalba aka ajiye a rana, farin ƙyalƙyali zai fito.

Usman: Malalacina fa?

Malam Kabiru: Shi ma agon an sa shi ya haɗu da wasu sinadarai a shekarar 2000 a Helsinki, amma sai cikin matsanancin sanyi, da ya ɗan ɗumama ya watse. Hiliyam da niyon ne har yau suka...

Hadiza: Malam, ana ɗaga mana hannu, lokaci ya ƙure. Mun yi alƙawarin astatin na gidan su fulorin da radon na gidan su niyon, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Usman: A zo mini da agon kuma.

Hadiza: Mu kwana lafiya.