Awon Kaurin Ƙarfe da Sautin da Kunne Ba Ya Ji

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa masu walda da gyaran tankokin mai. Wannan ƴar na'ura da ke hannuna, wadda ba ta fi wayar salula girma ba, tana faɗin kaurin bangon tanki daga waje, ba sai an huda shi ba. Duk wanda ya taɓa yin magana a bakin rijiya mai zurfi, ya ji muryarsa ta dawo masa, ya riga ya san asalin aikinta.

A bakinta akwai wani ɗan dutse da yake karkarwa idan lantarki ya shige shi, yake kuma ba da lantarki idan an girgiza shi, halin da Pierre Curie da wansa Jacques suka gano a Faransa tsakanin 1880 da 1881. Karkarwar takan kai sau miliyan 5 a daƙiƙa, alhali kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen 20,000. Sautin yakan ratsa ƙarfen, ya bugi bayansa, ya dawo, na'urar kuwa lokacin tafiyar nan kawai take ƙirgawa. Gudun sauti cikin ƙarfe kusan mita 5,920 ne a daƙiƙa, don haka sai ta ninka gudun da lokacin, ta raba biyu saboda zuwa da dawowa ne.

Nan ne saiti ya zama wajibi, domin gudun da aka ba ta shi za ta yi aiki da shi, ko daidai ne ko kuskure. Cikin alminiyam sauti yana gudun kusan mita 6,320, saboda haka idan ka bar ta a saitin ƙarfe ka ɗora ta kan alminiyam mai milimita 10, za ta nuna maka wajen 9.4, kuma ba za ta yi gardama ba.

Ku dubi wannan guntun ƙarfe mai hawa-hawa kamar matakala; kowane hawa an san kaurinsa. Da farko a ɗiga mai ko gilisarin inda za a ɗora bakin na'urar, domin ko siririyar iska ta shiga tsakani sautin ba ya wucewa. A gyara sifiri, wato inda na'urar take fara ƙirga, sannan a auna hawa mafi siranta da mafi kauri, a daidaita lambobin har su dace da abin da aka rubuta a jiki. Sharaɗin shi ne guntun ya zama irin ƙarfen da za a auna.

Fenti yakan ƙara wa awo kauri na ƙarya, tunda sauti yana jinkiri a cikinsa. Tsatsa kuma daga ciki take ci, rami-rami, shi ya sa ni ba na yarda da awon wuri ɗaya a gindin tankar da ta yi shekaru tana jigila tsakanin matatar Damagaram da Maradi. Zafi ma yana rage gudun sauti, kusan kashi 1 cikin 100 ga kowane ƙarin digiri 55 na ma'aunin Celsius, don haka tankin da ya wuni a ranar watan Afrilu, a bar shi ya huce, ko a auna shi da sassafe.