Zomon da bai shekara a tashar Fox ba

Salamu alaikum jama'a, na baya kuna jina? Toh madalla. Yau kan wani shirin barkwanci na Amurka zan yi magana, sunansa Greg the Bunny, tashar Fox ta fara haska shi a watan Maris 2002. Kashi 13 aka ɗauka, ko gama nuna su ba a yi ba aka ce kowa ya tattara komatsansa.

Shi Greg zomo ne na tsumma, irin 'yar tsanar nan da ake zura hannu a ciki. A labarin, 'yan tsana rayayyu ne, suna neman aiki suna kama haya kamar ni da ku, sai dai mutane na musu kallon raini, su kuma ba sa son a ce musu tsumma, wai su Amurkawa ne da aka ɗinka. Kun ga ai habaici ne kan wariyar launin fata, ni a wajena nan ne gishirin shirin yake. Aikinsu shirin yara a talabijin, da an kashe kyamara sai ashar da giya. Akwai wani biri Warren, mashayi ne na ƙarshe, hular kwano a ka, amma gani yake duk garin babu ɗan wasa kamarsa. Cikin mutane kuma akwai Seth Green da Eugene Levy da Sarah Silverman.

To me ya kashe shi? Masu kallo ne ba su taru ba. A ganina, babba na kunna akwati ya ga zomo sai ya ce na yara ne ya canza tasha, uwa kuma ta zaunar da ɗanta gabansa ta shiga kicin, minti biyu ta jiyo biri na ɗura ashar, da gudu zata zo ta kashe. An rasa tudun dafawa kenan. Gashi kafin ya zo Fox ɗan ƙaramin shiri ne a wata ƙaramar tasha mai suna IFC inda ba mai sa musu ido, da aka kawo shi babbar tasha dole aka rage masa yaji.

IFC ta sake ɗaukarsu a 2005, birin ma ya samu nashi shirin a MTV a 2010, shima zango ɗaya ya yi. Na ga ana min nuni da agogo, bari in faɗi wannan. Cikin mutum uku da suka ƙirƙiro zomon akwai Sean Baker, shine dai wanda ya kwashe lambar yabon fina-finai ta Oscar har huɗu a 2025 da fim ɗin Anora. Mai tambaya ya ɗaga hannu.