Me Ya Sa Duwatsun Adon Yumɓun Roba Suke Karyewa? Sirrin Yana Cikin Gashi

Duwatsun ado guda biyun nan da kuke gani a tafin hannuna daga ƙulli ɗaya na yumɓu aka yi su, launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, kuma rana ɗaya suka shiga obin, wato tanderun gashi na zamani. Ku duba abin da zai faru idan na matsa na farko tsakanin yatsuna. Ya dare gida biyu, har gari yana zubowa daga cikinsa. Ga na biyu kuma, na matsa shi da ƙarfin da ya fi na ɗazu, amma ko gezau bai yi ba. Masu sha'awar wannan sana'ar hannu da yawa suna ta kokawa a kwanakin nan cewa yumɓun roba ba shi da ƙwari, wasu har sun yanke hukuncin cewa jabu aka sayar musu, alhali a mafi yawan lokuta laifin ba na yumɓun ba ne. Abin da ya raba waɗannan duwatsu biyu shi ne gashi, wato yadda aka gasa su, kuma a kansa za mu daɗe a yau.

Sunan da aka raɗa wa abin shi ne ya fara jefa mutane cikin ruɗani, domin duk wanda ya ji an ce yumɓu, tunaninsa zai tafi ga laka mai ruwa wadda ake shanyawa ta bushe. Wannan kuwa babu ƙasa a cikinsa, babu kuma ruwa. Garin roba ne mai laushi, irin wadda ake kira PVC, wato robar da ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa shi da wani mai da ke tausasa roba, aka zuba launi. Saboda haka ko shekara za ku yi kuna shanya shi a iska ba zai taurare ya zama dutse ba. A Jamus aka fara sarrafa shi a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma bunƙasa a hannun Fifi Rehbinder, 'yar shahararriyar mai ƙera 'yan tsana Käthe Kruse, daga baya kamfanin Eberhard Faber ya karɓi haɗin a shekarun 1960 ya fitar da shi kasuwa da sunan Fimo. A Amurka ma a shekarun 1960 ɗin ne wani irinsa mai suna Sculpey ya bayyana. Iyakar tarihin da muke buƙata ke nan.

Matakan farko idonku zai fi bakina yi muku bayani. Ana murza yumɓun a hannu ko a bi da shi ta cikin injin murza taliya har sai ya yi laushi, ya daina tsagewa a gefe idan an naɗe shi. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa daidai wa daida domin duwatsun su fito girma ɗaya, a mulmula a tafin hannu, sannan a huda da allura, a shiga ta wannan gefe, a juya a fito ta wancan, domin kada bakin ramin ya kumbura. Wannan zanen furen da kuke gani yana maimaita kansa a kowane yanka, dabara ce da aka aro daga maƙeran gilashi na Murano a Italiya. Ranarta daban, domin ta cancanci shiri nata na kanta.

Yanzu ga duwatsunmu ɗanye a jere, kuma a nan ne ake yin ɓatan kai. Abin da ke faruwa a cikin obin ba bushewa ba ne. Idan zafi ya kai wani mataki, ƙwayoyin robar nan suna shanye man da ke kewaye da su, su kumbura, su manne da juna har su zama jiki ɗaya. Idan zafin bai kai wannan mataki ba, ƙwayoyin za su tsaya kusa da juna kawai ba tare da sun haɗe ba, kamar rairayin da aka dunƙula da ɗan danshi. A ido dutsen zai yi kama da wanda ya gasu, a hannu ma zai yi tauri, amma ranar da ya faɗi ƙasa ko zare ya ja bakin raminsa, sai ya farfashe. Garin da kuka ga yana zubowa daga dutsen farko, ƙwayoyin da ba su samu sun haɗe ba ne.

To, wane mataki ne wannan? Kowane kamfani da nasa, kuma a jikin ledar yake rubuce, ledar da yawancinmu muke yagewa mu jefar tun kafin mu karanta. Fimo yana neman digiri 110 a ma'aunin Salshiyas na tsawon minti 30. Premo da Sculpey suna neman digiri 275 a ma'aunin Faranhait, wanda ya yi daidai da kusan digiri 135 a Salshiyas. Kato ya fi su son zafi, yana kaiwa digiri 150 a Salshiyas. Ina roƙonku ku sake kallon waɗannan lambobi da ke kan allo, musamman 275 ɗin nan, domin ita ce ta ƙone wa mutane aiki fiye da kowace lamba. Mutum zai ga 275 a jikin leda ko a wani bidiyo daga Amurka, inda ake amfani da Faranhait, sai ya murɗa obin ɗinsa mai lissafi da Salshiyas zuwa ƙarshen zafinsa. Cikin 'yan mintuna ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, duwatsu sun yi baƙi ƙirin sun kumbura. Wannan hoton da kuke kallo aikina ne na farko, kuma ba na alfahari da shi. Kwana uku na yi ina mulmula su, minti goma ya ishe ni in mayar da su gawayi.

Hayaƙin robar da ta ƙone yana ɗauke da iskar da ke sa ido da maƙogwaro zafi, don haka idan hakan ta faru, a kashe obin, a buɗe tagogi, a fita daga wurin har iska ta washe. Sai dai abin da na lura shi ne tsoron wannan ƙonewa ya haifar da kuskure na biyu, wanda ya fi na farko yaɗuwa kuma ya fi shi wuyar ganewa. Wanda ya taɓa ƙona aiki, ko ya ga na wani ya ƙone, sai ya rage zafi ƙasa da abin da aka rubuta, ya kuma rage lokaci, yana ganin ya yi taka-tsantsan. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Ƙonannen dutse nan take ake ganinsa a zubar, amma wanda bai gasu ba sai an zura shi a zare, an ba wa wani kyauta, sannan ya tona wa mai shi asiri.

Ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce, zafi ba a taɓa shi, lokaci kuwa ana iya ƙara shi. Yumɓun roba ba ya ƙonewa don ya daɗe a obin matuƙar zafin yana kan daidai, yana ƙonewa ne idan zafin ya haura, musamman idan ya doshi digiri 175 a Salshiyas. Haka kuma tsawon lokaci ba ya cike gurbin zafin da bai kai ba, domin awa uku a digiri 90 ba za ta yi aikin da rabin awa za ta yi a digiri 130 ba. Lokacin da ke jikin leda mafi ƙaranci ne, kuma da kauri ake lissafa shi. Premo, alal misali, minti 30 yake so ga kowace milimita 6 ta kauri, kuma wurin da ya fi kauri a jikin aikin ake aunawa. Dutsen da ya kai milimita 12 ke nan yana buƙatar awa guda. A ra'ayina, ko siririn ɗan kunne ne ba na fitar da shi ƙasa da minti 45, domin ban taɓa yin nadamar ƙarin lokaci ba, alhali na sha yin nadamar gaggawa. Illa ɗaya da tsawon gashi ke da ita ita ce fari da launuka masu haske, da kuma yumɓun da haske ke ratsawa, suna iya yin ɗan duhu, kuma maganin wannan yana tafe.

Saura matsalar da ba a cika zato ba, wato obin ɗin kansa yana ƙarya. Ku kalli maɓallin nan, na ajiye shi a kan 130. Yanzu ku kalli ma'aunin zafin da na sa a ciki, ku ga inda allurarsa take. Obin ba ya riƙe zafi a wuri ɗaya, yana kunna wuta ne har ya wuce lambar da aka ba shi, ya kashe har ya sauko ƙasa da ita, ya sake kunnawa, kuma ƙananan obin na kan tebur sun fi kowanne wannan hawa da sauka, ga shi ƙarfen da ke ba da zafi yana dab da kayan da ake gasawa. Shi ya sa nake ganin ma'aunin zafi na cikin obin ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a wannan sha'awa, ya fi injin murzawa, ya fi tarin wuƙaƙe da abubuwan buga zane da ake ɗokin saye tun ranar farko. A kunna obin babu komai a ciki, a bar shi ya yi minti 20, a riƙa duba ma'aunin ana gyara maɓalli har allura ta zauna inda ake so. Bayan an sa kaya an rufe ƙofa zafi zai faɗi, saboda haka ba a fara ƙirga lokaci sai ya koma matsayinsa.

Akwai dabaru biyu masu sauƙi da ke rage wannan hawa da sauka. A shimfiɗa tayil a ƙarƙashin aikin, domin yana riƙe zafi yana sakinsa a hankali. Sannan a rufe aikin da takardar alminiyum kamar rumfa, ba tare da ta taɓa shi ba, ko a kife wani faranti a kansa, kamar yadda hannuna yake yi yanzu. Wannan rumfa ita ce ke kare fari daga yin duhu, ita ce kuma ke tare zafin da ke saukowa kai tsaye daga sama. Duwatsu masu zagaye ba a ɗora su a kan tayil tsirara, domin gefen da ya taɓa shi zai baje ya yi ƙyalli. Ana naɗe kwali kamar fifita a jera su a cikin kwarin, ko a binne su a garin sitacin masara, ko a rataye su a kan siririn ƙarfe. Takarda ba ta kamawa da wuta a wannan zafi matuƙar ba ta taɓa ƙarfen wutar ba. Game da maikurowef kuwa, amsar a taƙaice take: ba a sa yumɓun roba a cikinsa, domin zafinsa ba ya bazuwa daidai, wani gefe zai ƙone wani yana ɗanye.

Lokaci ya cika, mun fitar. A nan ma ana yin wani kuskure, domin mutum zai taɓa dutsen da zafinsa ya ji shi da laushi, sai ya ɗauka bai gasu ba, ko kuma ya lanƙwasa shi don gwaji ya ɓata masa siffa. Yumɓun roba sai ya huce sarai yake nuna ainihin ƙarfinsa. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne a gasa wani siririn yanki tare da aikin, mai kaurin milimita 1 ko 2, idan ya huce a lanƙwasa shi. Ku duba wannan, ya lanƙwasu ya dawo. Mutane da yawa suna ganin wannan lanƙwasuwa su tsorata, suna zaton alamar rashin gasuwa ce, alhali a yawancin ire-iren yumɓun da ake yin kayan ado da su ita ce shaidar cewa roba ta haɗe. Wanda ya ƙi lanƙwasuwa ya karye ƙas, shi ne abin zargi. Idan haka ta faru ba a yi asara ba, a mayar da duwatsun obin a sake gasa su cikakken lokaci, domin wannan yumɓu yana jure gashi sau da yawa, abin da ya sa masu aikin zane suke gina shi hawa-hawa suna gasawa a tsakani.

Abin da ya rage mai sauri ne. Ana goge duwatsun da samfefa a cikin ruwa, a fara da mai lamba 400, a wuce 600, a ƙare da 1000 ko sama, sannan a murza da ƙyalle mai laushi har su ɗauki sheƙi. Wanda yake son ƙarin ƙyalli ya nemi man sheƙi da aka haɗa da ruwa, ya guji jan farce, domin sinadarin cikinsa yana iya sa fuskar dutsen ta riƙa danƙo bayan wani lokaci. Idan kuna son dasa ƙananan duwatsu a jikin yumɓun kafin gashi, na gilashi da na ƙarfe suna jure wannan zafi, na roba kuwa suna iya narkewa ko su lauye, don haka su sai bayan an gama.

Wajen zurawa, abin hannu ya fi dacewa da zaren roba mai miƙewa, a ja shi sau da yawa kafin a fara domin kada ya saki daga baya, a ɗaure da ƙulli mai zagaye biyu, a ɗiga ɗan gam, a tura ƙullin cikin ramin dutse ya ɓuya. Sarƙar wuya mai nauyi kuma waya mai rufin roba take so, da ƙananan zobban ƙarfen da ake matsewa da filaya a bakin maƙulli. Ni nakan raba manyan duwatsun yumɓu da ƙananan na gilashi a tsakani, saboda yumɓun ba shi da nauyi, kuma sarƙar da babu nauyi a jikinta ba ta kwanciya da kyau a wuya. Ga ta nan an gama, kuma dutsen da ke tsakiyarta shi ne wanda na matsa a farkon shirin ya ƙi karyewa.